Yadda Ake Gane Samfuri da Shekarar Tsohon Babur Daga Lambar Injinsa

Da wuya tsohon babur ya iso hannun mutum da cikakken tarihinsa. An sake masa fenti ba sau ɗaya ba, tankin da ke kansa mai yiwuwa na wani babur ne, tambarin kamfanin ya faɗi an manna masa na kasuwa, takardu kuwa ko dai sun salwanta ko kuma an sabunta su an rubuta shekarar rajista a madadin shekarar ƙira. Mai sayarwa yakan faɗi abin da ya ji daga bakin wanda ya sayar masa, shi ma wancan haka ya ji. A cikin duk wannan, abin da ya fi wuyar sauyawa shi ne lambar da masana'anta ta buga a jikin injin lokacin da aka harhaɗa shi. Saboda haka duk mai son sanin ainihin samfurin babur ɗinsa da shekararsa, ko don sayen kayan gyaran da suka dace ne ko don kada ya biya kuɗin abin da ba shi aka ba shi ba, daga wannan lamba ya kamata ya fara.

Sai dai akwai abin da ya kamata a riƙe tun kafin a durƙusa gaban injin. Lambar inji labarin inji take bayarwa, ba labarin babur ɗin gaba ɗaya ba. Hasali ma labarin kwanson injin kaɗai take bayarwa, wato ɓarin alminiyam biyun nan da aka haɗe da notuna, waɗanda karanshaf ke juyawa a cikinsu. Ana iya sauya bulok da fistin da kafireto, a ma ɗauke injin ɗungurungum a ɗora shi a kan wani firam, lambar tana nan yadda take. Aikin ke nan hawa biyu ne: a karanta lambar daidai a fassara ta, sannan a nemi sauran sassan babur ɗin su ba da shaidar cewa injin nasu ne.

Kusan duk kamfanoni a jikin kwanson suke buga lambar, a wani ɗan fili da aka daidaita musamman dominta. A yawancin baburan Ingila, irin su Triumph da BSA da Norton, tana gefen hagu, daidai ƙarƙashin inda bulok ya zauna. A ƙananan baburan Japan takan kasance ta ƙasa a gefen hagu, kusa da sandar giya, a manyansu kuma takan hau saman kwanson bayan bulok. A Vespa sai an sunkuya sosai, domin tana jikin hannun injin da ke riƙe da shi a firam, kusa da inda salansa ta ratsa. Lambar casis kuwa, wato lambar firam, a yawancin babura, tana wuyan firam ne inda sitiyari ke juyawa, ko a bututun da ya gangaro daga wuyan zuwa gaban inji. A nemo su duka biyun, domin ɗaya ba ta wadatar da ɗaya.

Wurin zai kasance a lulluɓe da baƙin mai da ƙura da suka daskare shekara da shekaru. A jiƙa shi da kananzir a bar shi ya ɗan tsumu, sannan a goge da tsohon burushin haƙori da tsumma, a maimaita har ƙarfe ya bayyana. Kada a kusanci wurin da sanfefa ko burushin ƙarfe mai kaushi, balle injin garandin, domin alminiyam ƙarfe ne mai taushi, bugun lambar kuma ba shi da zurfi, ƙanƙara kaɗan ta isa ta shafe ƙafar wani harafi ta mayar da shi wani dabam har abada. Idan fenti ne ya rufe lambar casis, a yi amfani da maganin cire fenti, kada a kankare da wuƙa. Bayan wurin ya bushe, a haska tocila daga gefe, hasken ya kwanta a kan ƙarfen maimakon ya fuskance shi, sai inuwa ta cika ramukan haruffan su fito fili. Idan har yanzu da shakka, a goga farin alli a wurin a share samansa da yatsa, allin zai maƙale a cikin ramukan. A ɗauki hoto daga kusurwa biyu ko uku, a kuma ɗora farar takarda a goga fensir a kwance, domin zanen fensir yakan nuna abin da ido ya tsallake.

Wajen kwafewa, a rubuta komai yadda yake: tazara, da ɗan layi, da tauraro, da sifirin da ke farkon lamba, da harafin da ya ware can gefe kamar ba ya cikin lissafi. Sau da yawa wannan harafin ne ke ɗauke da shekarar. A yi hattara da masu kama da juna, wato 1 da I, 0 da O da D, 5 da S, 8 da B da 3, 6 da G, 2 da Z. Inda aka kasa tantancewa, a rubuta duka yiwuwar biyun a ci gaba, domin tsarin kamfanin da kansa zai kore ɗaya daga baya.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne ɗaukar lambar zubi a matsayin lambar inji. Bambancin a bayyane yake ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Lambar inji buga ta aka yi da ƙarfe, don haka ta nutse cikin jikin kwanson. Lambar zubi kuwa a tudu take, ta fito tare da kwanson daga maƙera, kuma iri ɗaya ce a dubban injuna. Ba ta bambanta wannan inji da wancan, amma ba a raina ta, domin tana nuna dangin da sashen ya fito. A kayan BSA, lambar da ta fara da 67 ta dangin A7 da A10 ce, mai 68 ta A50 da A65, mai 90 kuma ta Bantam. A Honda, lambar kayan gyara gida uku gare ta, gida na tsakiya shi ke nuna samfurin da aka fara ƙera sashen dominsa, inda 001 take ta Super Cub C100, 300 kuma ta CB750 na farko.

Yawancin tsoffin lambobin inji suna da sassa biyu ko uku: alamar samfuri, da alamar shekara idan kamfanin yana sa ta, da lambar jeri da ke nuna na nawa ne a layin ƙira. Inda babu alamar shekara, lambar jerin ake kai wa jadawalin kamfani a ga tsakanin wace lamba da wace ta faɗa. Sannan ita kanta kalmar shekara abu uku take iya nufi, kuma rashin rarrabe su ne ke haddasa yawancin gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Akwai lokacin da aka ƙera babur ɗin, akwai shekarar samfurin da kamfani ya lissafa shi a ciki, akwai kuma shekarar da aka yi masa rajista, wadda kan iya zuwa bayan ya daɗe a jirgin ruwa da tashar kwastan da kantin dillali. Wadda ke da amfani wajen kayan gyara ita ce ta tsakiya.

Triumph na masana'antar Meriden a Ingila shi ne ya fi dacewa a koyi karatun da shi, domin tsarinsa a fili yake. Sunan samfurin a buge yake tare da lambar. 5T shi ne Speed Twin mai cc 500, 6T shi ne Thunderbird mai cc 650, T110 shi ne Tiger 110, TR6 shi ne Trophy, T120 kuma shi ne Bonneville, wanda samfurinsa na farko na 1959 ne. 3TA mai cc 350 ya fito a 1957, T140 mai cc 750 kuma a 1973. Harafin da ke biye da sunan yana ƙara bayani, kamar R a T120R da ke nuna na titi wanda aka fi aikawa Amurka, ko V a T140V da ke nuna giya biyar.

A ƙarshen shekarun 1940 shekarar tana gaban lambar kai tsaye, ta yadda injin da ya fara da 47 sannan 5T ba ya buƙatar tafsiri. Daga 1950 aka koma ga lambar jeri, aka kuma fara buga lamba ɗaya a inji da firam. Manyan injuna na 1960 zuwa 1962 suna farawa da D. A 1963 aka haɗe inji da akwatin giya cikin kwanso ɗaya a masu cc 650, aka soma sabon jeri da DU101. Samfurin 1964 ya fara daga DU5825, na 1965 daga DU13375, na 1966 daga DU24875, na 1967 daga DU44394, na 1968 kuma daga DU66246. Wanda ya karanta T120 DU50000 a injinsa ya san ke nan Bonneville ne na 1967, tun da lambar ta wuce mafarin 1967 ba ta kai na 1968 ba. Ƙananan injuna masu cc 350 da 500 suna da nasu jerin mai farawa da H, wanda ya soma daga H101 a 1957.

A watan Oktoba na 1968 Triumph ta ɗauki tsarin haruffa biyu, BSA ma ta bi shi, domin a lokacin kamfanonin biyu gida ɗaya suke. Harafi na farko wata ne, na biyu shekarar samfuri. Watannin suna tafiya kamar haka: A Janairu, B Fabrairu, C Maris, D Afrilu, E Mayu, G Yuni, H Yuli, J Agusta, K Satumba, N Oktoba, P Nuwamba, X Disamba. An tsallake F da I da L da M da O, saboda haka duk wanda ya ga ɗayansu a wannan gurbi ya sake duba karatunsa, mai yiwuwa E ce ya ɗauka F, ko D ya ɗauka O. Shekarun ma da waɗannan haruffa ake lissafa su, amma daga C aka fara: C 1969, D 1970, E 1971, G 1972, H 1973, J 1974, K 1975, N 1976, P 1977, X 1978, sannan aka zagayo A ta zama 1979, B ta zama 1980. Sunan samfurin yakan zo kafin waɗannan haruffa ko bayan lambar jerin, wannan ba ya sauya komai.

A nan ne tarkon yake, kuma masu kirki da yawa sun faɗa cikinsa. Shekarar samfuri a Meriden ba a Janairu take farawa ba, a ƙa'ida wajen Agusta ne, bayan hutun ma'aikata. Injin da ke ɗauke da BD an ƙera shi a Fabrairun 1970, samfurin 1970 ne, babu saɓani. Amma wanda ke ɗauke da NC an ƙera shi ne a Oktoban 1968 duk da cewa samfurin 1969 ne, haka mai PE a Nuwamban 1970 aka yi shi alhali samfurin 1971 ne. Idan harafin wata ya faɗa tsakanin J da X, a fara da zaton cewa ranar ƙira tana cikin shekarar da ta gabaci ta samfurin. Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne Bonneville masu harafin shekara J da K ba su da yawa, domin ma'aikatan Meriden sun mamaye masana'antar daga Satumban 1973 har zuwa farkon 1975 don hana rufe ta, ƙira ta tsaya cak a tsawon lokacin. Wanda aka kawo wa irin wannan ya ƙara natsuwa wajen bincike. Daga samfurin 1969 kuma filin lambar ya zama ɗan tudu da aka cika da ƙananan tambarin Triumph kafin a buga lambar a kansu, don a wahalar da ɓarayi. Injin da ya ce shi na 1972 ne amma filinsa sumul babu tambarin ko ɗaya, to an taɓa shi.

BSA kafin wannan tsari ta fi wuyar sha'ani, domin har zuwa wajen 1966 lambar inji da ta firam ba sa zama ɗaya, kuma rashin daidaituwarsu a babur na shekarun 1950 ba aibi ba ne. Harafin farko ne ke nuna zamani, sunan samfurin ya biyo baya. A Gold Star, ZB ya fara a 1949, BB a 1953, CB a 1954, DB a 1955, sannan DBD34 daga 1956 har aka daina ƙera shi a 1963. Harafi ɗaya yakan rufe shekaru da dama, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai an haɗa da lambar jeri. Bantam kuwa sunan samfurin ma ya isa ya ƙuntata zato: D1 mai cc 125 daga 1948, D3 mai cc 150 daga 1954, D7 mai cc 175 daga 1959 zuwa 1966.

Norton daga 1946 zuwa 1960 tana sa harafin shekara a gaba, A ita ce 1946, ana bi a jere ana tsallake I da O da Q har R ta zama 1960, sai lambar samfuri ta biyo, inda 4 take ES2, 122 take Dominator 88, 14 kuma Dominator 99. Commando ya fara daga 126125 a 1968, masu cc 850 kuma daga 300000 a 1973. Harley-Davidson ta Amurka kafin 1970 ba ta buga lamba a firam, lambar inji ita ce shaidar babur ɗin, kuma tana farawa da shekara sannan samfuri, kamar 47FL. Sai dai akwai WLA na soja, wanda aka ci gaba da buga masa 42WLA shekaru bayan 1942.

Wanda ya fi shafar mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi shi ne Vespa, domin har yanzu akwai su a zaurukan gidaje da garejin kanikawa, wasu ma suna kan titi. Kamfanin Piaggio da ke Pontedera a Italiya, wanda ya fara ƙera ta a 1946, yana sa alamar samfuri mai haruffa da lamba a gaba, sannan lambar jeri tsakanin taurari biyu. Harafin ƙarshe na alamar shi ke raba firam da inji, T ta firam ce, M ta inji. VBA da VBB su ne masu cc 150 na ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, na farkon mai giya uku, na biyun mai giya huɗu. VBC1 ita ce Super 150, VLB1 ita ce Sprint 150, dukansu sun fito a 1965. VSD1 ita ce Rally 180 ta 1968, VSE1 Rally 200 ta 1972. Dangin P da aka gabatar a 1977 su ne VNX1 mai cc 125, VLX1 mai cc 150, da VSX1 mai cc 200. Lambar firam tana gefen jiki ta baya, a ƙarƙashin murfin gefe, a wasu samfura ta hagu a wasu ta dama, sai an cire murfin an duba bakin ƙarfen.

A Vespa lambobin jerin inji da firam ba sa zama ɗaya tun daga masana'anta, don haka abin da ake gwadawa shi ne alamar gaba. A ɗauka an cire murfi an ga VBC1T a firam, an sunkuya an ga VBC1M a inji, tayoyin kuma masu inci 8 ne. Komai ya yi daidai da Super, sai a kai lambar firam ga jadawali don a san shekarar, tun da an daɗe ana ƙera Super har ƙarshen shekarun 1970. Idan kuwa firam ya ce VBC1T inji ya ce VLB1M, to injin Sprint aka ɗora wa Super, ita Sprint kuwa tayarta inci 10 ce. Wannan ba ya hana babur tafiya, kanikawa sun daɗe suna irin wannan dashe don aiki ya ci gaba, amma yana sauya abin da za a saya idan inji ya lalace, yana kuma sauya darajarsa a wurin mai neman na asali. A lura kuma da 'yan'uwanta na Indiya. Bajaj ta ƙera Vespa da lasin Piaggio har zuwa 1971, sannan ta ci gaba da Chetak, wadda aka gina a kan ƙirar Sprint, LML ma ta ƙera irin dangin P daga shekarun 1980. Injunansu suna shiga firam ɗin Italiya, daga nesa kuma ba a rarrabe su, sai dai alamar lambar ba ta bin tsarin da aka bayyana a sama. Tambarin da ke gaban babur ɗin ma shaida ne idan na asali ne, domin Piaggio ta bar tsohon tambarinta mai kusurwa huɗu ta koma mai kusurwa shida a ƙarshen 1967.

Honda tana rubuta sunan samfurin, ta ƙara E don nuna inji, sai ɗan layi da lambar jeri, kamar C70E ko CD175E ko CG125E. Ba ta sa shekara, kuma lambar injinta ba ta zama ɗaya da ta firam, sai dai su kasance kusa da juna a cikin zangon samfuri ɗaya. Lamba ta farko ko biyu na jerin su ne ke nuna zangon. CB750 na 1969 ya fara daga CB750E-1000001, samfurin K2 ya fara daga 2000001, K3 kuma daga 2200001. A wannan babur lambar tana da nauyi ƙwarai, domin injuna 7,414 na farko an zuba kwansonsu ta wata hanya dabam da ta bar shi da kaushi, masu tara tsoffin babura kuma suna biyan kuɗi mai yawa a kansu, abin da ya sa aka fi yin jabun lamba a wannan zango. CG125 kuwa, wanda ya fito a 1975 aka kuma tsara shi don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a cika sauya baƙin mai a kan kari ba, an ƙera shi a ƙasashe da dama, an kuma kwaikwayi injinsa a Sin ba adadi. Inji mai kamarsa wanda lambarsa ta fara da wani abu irin 156FMI ba na Honda ba ne, tsarin lambar masana'antun Sin ne. Ga baburan da aka harhaɗa a cikin gida, tun da Honda ta kafa kamfaninta na Najeriya a 1979 mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, jadawalin da aka yi don kasuwar Amurka ko Turai ba lallai ya dace da su ba, wannan kuma abin kiyayewa ne kafin a yanke shekara.

Daga ƙarshen shekarun 1970 Honda ta koma ga alamar haruffa biyu da lamba biyu, inda harafin farko ke nuna girman inji. JC na ajin 125 ne, MC na 250, NC na 400, RC na 750, ta yadda RC01E ita ce CB750 na 1979 mai sabon inji. Yamaha tana amfani da alama mai gurbi uku wadda ba ta kama da sunan babur ɗin ko kaɗan: 351 ita ce RD350 na farkon shekarun 1970, 1A1 RD400, 447 kuma XS650 daga 1974. A wancan zamani Yamaha takan buga lamba ɗaya a inji da firam, don haka saɓaninsu a wurinta alamar dashe ce. Kawasaki Z1 yana da Z1E a inji da Z1F a firam. Suzuki tana kiran shekarun samfuri da haruffa a littattafanta, J 1972, K 1973, L 1974, M 1975, A 1976, B 1977, amma waɗannan ba a jikin inji suke ba, jadawali ne ke kai mutum gare su.

Idan aka tarar da lamba mai gurbi 17 a wuyan firam, an fita daga tsohon zamani, domin wannan tsari ya zama dole a Amurka daga 1981. Gurbi uku na farko kamfani ne, kamar JH2 na Honda, JYA na Yamaha, JS1 na Suzuki, ZAP na Piaggio, gurbi na goma kuma shekara ce a inda aka bi tsarin Amurka, B 1981, C 1982, haka har Y ta zama 2000. Babu I da O da Q a cikinta ko kaɗan. Baburan da aka sayar a wasu kasuwanni sun ci gaba da gajeriyar lamba shekaru bayan haka, saboda haka rashin gurbi 17 ba ya tabbatar da cewa babur ya girmi 1981.

Bayan lamba ta ba da amsarta, sai a tambayi sauran jikin. A baburan Ingila kayan wuta na Lucas, irin su makaneto da dainamo, suna ɗauke da wata da shekarar da aka yi su, kuma a babur da ba a taɓa ba sukan riga ranar ƙirarsa da 'yan watanni kawai. Kafireto na Amal samfurin Monobloc ya yi zamaninsa daga tsakiyar shekarun 1950, Concentric ya gaje shi a 1967. Triumph mai cc 650 wanda baƙin mai ke zama a cikin bututun firam ba zai girmi 1971 ba, Bonneville mai sandar giya a hagu kuma daga samfurin 1976 ne. Sashe ɗaya da ya saɓa ba komai ba ne, kayan gyara ne aka sauya. Idan kuwa firam da ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba da birki duk suka haɗu a kan wani zamani, inji shi kaɗai ya tsaya a wani, to injin ne baƙo.

Lambar da aka sake bugawa tana da alamomi. A shafa filin da yatsa, idan ya lotsa ya fi kewayensa zurfi, ko akwai sawun zarto a kwance, ko launin ƙarfen ya bambanta kamar an cike da walda an goge, to an yi aiki a wurin. A gwada siffar haruffan da hoton wani inji na gaskiya na wannan kamfani da wannan zamani, musamman 1 da 3 da 4 da 7, domin ƙarafan buga lamba na kasuwa ba sa kama da na masana'anta. A baburan Ingila da hannu ake bugawa, ɗan karkacewa da bambancin zurfi abu ne da aka saba gani, a na Japan kuwa lambobin a jere suke daidai wa daida, karkacewa a wurinsu abin tuhuma ce. Fili wanda babu komai a kansa kuma babu sawun gogewa yakan nuna sabon kwanso ne da aka saya a matsayin kayan gyara, domin a haka kamfanoni ke sayar da su.

Ina ba da shawara da babbar murya cewa kada mutum ya buga lamba da kansa, ko ya sa bakanike ya zurfafa wadda ta dushe, ko da babur ɗin gadonsa ne kuma niyyarsa tsarkakakkiya ce. Lambar inji da ta casis suna cikin takardun babur, taɓa su kuma yana jefa mai shi cikin zargin da zai yi wuyar wankewa, ya kuma zubar da darajar abin a idon masu saye. Idan an sauya inji, a riƙe rasit ɗin sayensa a je ofishin lasin a gyara takarda. Idan kuwa babur ɗin da ake tayi ne aka ga an goge lambarsa, a bar shi komai arharsa.

Jadawalin lambobi yana cikin littattafan kayan gyara na kamfanonin da kuma wallafe-wallafen ƙungiyoyin masu irin waɗannan babura, kuma ya kyautu a gwada biyu kafin a amince, domin kuskuren kwafe yana yawo daga wannan jadawali zuwa wancan a intanet. Mai son tabbaci a rubuce yana iya tuntuɓar Vintage Motor Cycle Club ta Ingila, wadda aka kafa a 1946 take kuma adana littattafan fitar da kaya na tsoffin masana'antu, ko ƙungiyoyin masu BSA da Norton da Triumph, waɗanda ke ba da takardar shaidar shekara. A irin waɗannan littattafai akan samu ranar da babur ya bar masana'anta da dillalin da aka aika wa, a BSA ta shekarun 1950 kuma nan ne kaɗai za a tabbatar ko wannan inji da wannan firam tare suka fito. Piaggio ma tana ba da takardar asali ga mai Vespa. A aika musu hoton lambobin biyu a tsabtace, da zanen fensir, da hoton babur ɗin ta dama da ta hagu. Kafin amsa ta zo, idan gyara ya taso, a ba mai sayar da kaya lambar inji a kan duk abin da ya shafi fistin da ring da kuloci da giya, a ba shi lambar casis a kan birki da wayoyi da tanki da abin da ya shafi ƙafafu.